Wanda Ya Tashi Daga Ciwon Huhu Kada Ya Dawwama A Kan Tabarma

Maigida, in akwai mai jinyar tarin fuka ko ciwon haƙarƙari a gidanka, wannan magana taka ce.

A ƙasashen Turawa akwai aikin da a ke kira dashen huhu, watau likitoci su cire huhun da ya lalace su sa na wani da ya rasu. An fara gwada shi a Amurka cikin 1963, mutumin ya yi kwana 18 ya cika. Sai cikin 1983, a birnin Toronto na Kanada, aka sami wanda ya yi shekaru da sabon huhu. To, ga abin mamaki. Mutum ya sami lafiyayyen huhu, amma 'yar tafiya kaɗan sai ya gaji. Da aka bincika, ashe yawancin laifin na ƙafafu ne. Doguwar kwanciya ta cinye naman cinya, magungunan da ke hana jiki ƙin baƙon huhu kuma suna ƙara raunana shi. Saboda haka tun yana asibiti a kan tashe shi ya taka, bayan sallama kuma ya yi watanni yana zuwa motsa jiki. A kan auna ƙarfinsa da nisan da zai tafi cikin minti 6.

Naku majinyacin ma haka ya ke. Mu kan ce tausayi ne mu hana shi ko ɗaukar buta, alhali kuwa ƙara kwantar da shi mu ke yi. Da zarar zazzaɓi ya sauka, malamin asibiti kuma ya yarda, a bar shi ya taka. Yau daga ɗaki zuwa zaure, bayan kwana uku zuwa masallaci, sa'an nan bakin rijiya. Safiya da la'asar sun fi, gama ba zafin rana. Ya riƙa zama a turmi yana miƙewa, sau biyar, daga baya sau goma. Haki kaɗan ba kome ba ne muddin yana iya magana. In numfashi ya yi masa wuya ya tsaya, ya shaƙi iska ta hanci, ya fitar a hankali ta baki kamar mai hura kunu.

Kada a sa shi sussuka ko shiƙa, kada ya zauna a hayaƙin murhu, taba kuwa ya bar ta sam. A ba shi wake da gyaɗa da ƙwai da nono, don da su nama ke komawa jiki.

In ya tofar da jini, ko ƙirji ya soke shi, ko jiri ya ɗebe shi, ko ƙafa ta kumbura, a daina, a kawo shi ɗakin magani ran nan. Mai tarin fuka kuma, ko ya ji garau har ya koma gona, kada ya bar maganinsa sai ya cika wata 6 ko yadda likita ya ƙayyade. Kyauta a ke ba da shi a asibitin gwamnati.