Daga Lifidin Doki Zuwa Bargon Yara

Akwai abu biyu da kowa ke gani a ƙasar Gumel kowace shekara, amma ba a cika haɗa su a zance ɗaya ba. Na farko shi ne tulin ƙyallayen da teloli ke sharewa daga bakin shagunansu, tun ba in Salla ta gabato ba, a tara a juji a cinna musu wuta. Na biyu kuwa shi ne ɗarin hunturu na watan Disamba da Janairu, wanda ke busowa daga arewa, ya ratso Maigatari, ya bi ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa. A lokacin nan yara da yawa a takure su ke kwana, har a wasu gidaje a kan shiga ɗaki da kaskon garwashi, abin da sau da yawa ya kan jawo gobara. Nufinmu a nan mu nuna wa malaman makaranta da malaman ofis cewa na farkon maganin na biyun ne, kuma hikimar da za ta haɗa su ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

A Ingila da Amurka akwai wani aikin hannu da mata da yawa ke yi don nishaɗi. Su kan yanyanka guntayen yadi, su harhaɗa su launi launi har su zama shimfiɗa guda. Sa'an nan su sa auduga a ƙarƙashinta, su sa wani yadi a ƙarƙashin audugar, su bi duka ukun da ɗinki don kada audugar ta zame ta dunƙule a gefe ɗaya. Abin da ya fito shi ne bargo mai ɗumi, mai kyan gani. To, duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a manyan masarautunmu, in ya ji wannan bayani lalle zai ce ya san abin, gama ba wani abu aka kwatanta ba illa lifidi.

Lifidi riga ce ta yaƙi, ta doki da mahayinsa. Yadi ne hawa biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi layi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin sarakunan Hausa. Baturen nan Denham, da ya iso Kukawa a 1823, ya koma gida da labarin dawakin da ke sanye da lifidi, har aka buga hoton wani barde na Bagarmi a littafinsa na 1826. A babban gidan ajiye kayan tarihi na London kuma akwai lifidin doki daga ƙasar Sudan, na zamanin yaƙin Omdurman na 1898, wanda aka ɗinka da guntayen yadi masu launi dabam dabam. Watau haɗin ƙyalle da ɗinkin auduga duk sun taru a jikin doki ɗaya.

Gumel tana tsakiyar ƙasashen da aka yi wannan yayi. Mangawa ne suka kafa sarautarta wajen 1750, ta bi Barno, ba ta kuwa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. A 1845 aka taso da gidan sarauta daga Tumbi zuwa inda garin ya ke yanzu, aka kuma yi ta gwabzawa da Haɗeja da Damagaram shekara da shekaru. A irin waɗannan yaƙe-yaƙe, daga Barno har Sakkwato, lifidi ne ke tare kibiya kafin ta kai ga jiki. Aibinsa biyu ne, nauyi da tsoron wuta. Da bindiga ta yawaita, Turawa kuma suka iso a 1903, sai aikinsa ya ƙare, ya zama kayan ado na ranar hawa. Sana'ar da ba a neman ta sai sau biyu a shekara kuwa, da wuya yaro ya zauna ya koye ta.

Mun sani wasu za su ce kayan faci alamar talauci ne, mai mutunci ba ya shimfiɗa su a ɗakinsa. Sai mu tuna musu cewa mabiyan Mahadi a Sudan da gangan su ke lilliƙa ƙyallaye a jibbarsu, haka kuma Baye Fall na Senegal an san su da tufafin haɗin ƙyalle. A Bengal mata kan jera tsofaffin zannuwa su bi su da ɗinki su zama mayafi. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend, a jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata jikokin bayi sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona don maganin sanyi. A 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen nuna zane na Houston da New York, a 2006 kuma gidan waya na Amurka ya buga hotunan goma daga ciki a kan sarki. Abin da aka fara don rashi ya koma abin alfahari.

Ga yadda malami zai fara da ajinsa. A roƙi teloli su riƙa tara ƙyallaye a buhu maimakon ƙonawa. A ware na auduga, kamar atamfa da shadda, dabam da na roba, don ba su shan wanki da guga iri ɗaya. A wanke, a goge, a yanka kwali mai inci 5 kowane gefe ya zama ma'auni. In an bar rubu'in inci a kowane gefe don ɗinki, kowane ƙyalle zai tsaya a inci 4 da rabi. Jere 14, kowane jere ƙyalle 10, ya zama ƙyalle 140, ya kuma ba da bargo mai faɗin inci 45 da tsawon inci 63, wanda ya ishi yaro. Aji mai yara 35, in kowa ya kawo ƙyalle 4, an gama. Malami zai ga cewa darasin lissafi da na awo sun shigo ciki ba tare da an kira su ba.

Daga nan sai a shimfiɗa yadin baya a kan tabarma, a ɗora abin cusawa, a ɗora haɗin ƙyallen a bisa. Audugar da aka shiɓe ta yi laushi ita ta fi, in babu kuwa tsohon gwado ko tsohon zane ya wadatar. Audugar rimi a bar wa lifidi da matashin kai, don santsi gare ta, ga saurin kama wuta. A riƙe hawa ukun da ɗinki mai faɗi na wucin gadi, sa'an nan a fara ɗinkin gaske daga tsakiya ana nufar gefe, don kada yadi ya tattare. In auduga ce a ciki, kada tsakanin layi da layi ya wuce faɗin yatsu uku.

Wanda ke da keken ɗinki yana iya ƙara gaba da abin da za mu kira ɗinkin yawo. A ƙarƙashin allurar keke akwai 'yan haƙora da ke jan yadi gaba, su ne ke sa ɗinki ya miƙe sak. In aka saukar da su, ko aka rufe su da farantin da aka yi don haka, aka kuma sa ƙafar keke mai ɗagawa tare da allura, sai yadi ya saku. Mai ɗinki ne zai riƙa juya shi da tafin hannuwansa biyu, gaba ko baya ko gefe, yana zana abin da ya ga dama. Tsawon ɗinki ya koma ga hannu da ƙafa: in hannu ya yi sauri ƙafa na jinkiri, ɗinki ya yi tsalle, in ƙafa ta fi hannu sauri, zare ya taru wuri ɗaya. Mai koyo ya fara da fensir a takarda, yana zane ba ya ɗaga hannu, sa'an nan ya gwada a ƙaramin ƙyalle. Wannan ma ba sai an je nesa neman malami ba, gama masu aikin wuyan riga da keke da hannu su ke juya yadi haka nan. Abin zanawa kuwa ga dagi, ga zanen ƙwarya, ga adon bangon soro.

Saura abin da ya rataya a wuyanmu. Shugabannin makarantu su ba aikin awa ɗaya a mako cikin lokacin aikin hannu, maza da mata. Ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gumel, waɗanda su ne malaman gobe, ya kamata kowa ya fita da bargo ɗaya da ya ɗinka da hannunsa. Malaman ofis na ƙananan hukumomin nan huɗu su taimaka a binciko dattawan da suka iya ɗinkin lifidi, a gayyato su makaranta da girmamawa, a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Bargon farko na kowane aji a ba marayan da ke cikinsu ko almajirin unguwa. In hannu ya faɗa, abin da ya yi saura ga kasuwar Maigatari nan ranar Alhamis, inda mutanen Nijar da na Nijeriya ke haɗuwa, dukansu kuwa ɗari ɗaya ke dukansu.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In aka fara tara ƙyallaye tun da damina, kafin iskar hunturu ta taso an sami abin rufa. Allah ya ba mu ikon yi, amin.