AIKIN MANHAJA: A KASA SHI KAFIN A FARA

Matasanmu da dama yanzu sun koyi rubuta manhaja, wato jerin umarnin da ake ba na'ura mai ƙwaƙwalwa ko wayar hannu domin ta yi wani aiki. Wasu har sun fara karɓar kwangila daga makarantu, kantuna da ƙungiyoyi. Sai dai sau da yawa abin da ke kayar da su shi ne ɗaukar aikin dunƙule guda. A ce "nan da wata 3", a karɓi kafin alƙalami, wata 6 ya wuce ba kaya ba kuɗi, amana ta zube.

Wannan ciwo bai bar manya ba. A birnin Denba na Amurka an so buɗe sabon filin jirgin sama a watan Oktoba na 1993, amma sai Fabrairun 1995 aka buɗe shi. Babban dalilin wannan jinkiri na wata 16 shi ne na'urorin rarraba jakunkunan fasinja, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, sun ƙi yin aiki daidai. A 2005 aka yi watsi da su gaba ɗaya.

To mene ne magani? A kasa aikin, kamar yadda mahauci ke yi wa san watanda: ya raba manyan gaɓoɓi, ya yanyanka su, sannan ya jera kashi-kashi, kowa ya san nasa. Masana sun daɗe da gane haka. A 1958 sojojin ruwan Amurka suka fito da tsarin PERT domin aikin makami mai linzami na Polaris, inda ake jera ƙananan ayyuka a nuna wanne ke jiran wanne. A 1968 kuma ma'aikatar tsaron ƙasar ta kafa ƙa'ida a rubuce ta yadda za a riƙa rarraba manyan ayyukanta daki-daki.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata makaranta tana son manhajar ajiye makin ɗalibai. Manyan gaɓoɓin su ne: rajistar ɗalibai, shigar da maki, lissafin sakamako, buga takardar sakamako, da kalmar sirri ta kowane malami. Sai a ɗauki gaɓar lissafi a yanyanka. Da farko a tambayi shugaban makaranta: a kan 20 ake ba da maki kamar a Nijar, ko a kan 100 kamar a Najeriya? Wane darasi ya fi wani nauyi? Yaya za a yi da yaron da bai zauna jarrabawa ba? Ko yara biyu da suka yi kunnen doki? Kowace tambaya aiki ce mai zaman kanta, kuma da ba a yanyanka ba, ba za a gan ta ba sai ranar miƙa kaya.

Kowane kashi yana bukatar abu 3. Na ɗaya, mutum guda da ke ɗauke da alhakinsa. Na biyu, alamar gamawa wadda ido zai gani, misali "an buga takardar sakamakon aji ɗaya, an gwada da lissafin hannu, sun zo daidai". Na uku, kada ya wuce 'yan kwanaki. Masu tsara ayyuka suna da ma'aunin da suke kira 8 da 80: kada kashi ya gaza awa 8, kada ya wuce awa 80. In ya wuce, a sake yanka shi.

Kada kuma a manta da gwaji. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya ba da shawara a littafinsa na 1975 cewa a ware kashi ɗaya bisa uku na lokaci domin tsari, ɗaya bisa shida domin rubutu, rabi cur domin gwaji. Shi ne kuma ya yi gargaɗin cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya makara yana ƙara masa jinkiri. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu yi lissafi: mutum 5 suna da hanyoyin tuntuɓar juna 10, mutum 10 kuwa 45. Ga koya wa sababbi aiki, ga yawan zama.

Tsarin Scrum, wanda aka gabatar a 1995, ya ƙara da cewa a riƙa aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, a ƙarshensa a nuna wa mai kaya abin da ke aiki.

Saboda haka, kai mai ba da kwangila, nemi jerin nan a takarda kafin ka fitar da kuɗi, ka riƙa biya bisa kashin da aka gama. Kai kuma saurayi mai rubutu, kada ka faɗi rana sai ka zauna ka kasa aikinka. Da yayyafi kogi kan cika.