Birkin da Ke Kamewa Idan Ya Yi Zafi: Yadda Ake Gano Musabbabinsa

Birkin mota da matsin mai yake aiki. Idan direba ya taka, masta ta tura man birki ta bututai zuwa tayoyi, fistan da ke cikin kalifa ya matse fad a jikin faifai. Da ya ɗaga ƙafa, sai man ya koma tankinsa ta wata 'yar kafa da ke cikin masta, taya ta saku. Duk abin da ya tare hanyar komawar man, ko ya hana fistan ja da baya, shi ke kame birki. Zafi kuwa yana sa mai ya kumbura, to idan babu mafita sai matsin ya ƙaru, gogayya ta ƙara zafin, har taya ta cije.

Alamominsa sanannu ne: mota ta yi nauyi, ta riƙa ja gefe guda, a ji ƙauri, ƙarfen taya ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Idan ta huce sai komai ya daidaita, shi ya sa gwani ke bincike tun motar na da zafi.

Abin da ake fara dubawa shi ne tayoyi nawa suka kame. Idan guda ce, a ɗaga ta da jak, a sassauta notin fitar da iska na kalifa. In mai ya yi tsartuwa taya ta juya, matsi ne ya maƙale, kuma galibi tiyon roba ne ya lalace ta ciki, yana barin mai ya wuce amma ba ya barinsa ya dawo. In ba ta juya ba, laifin na kalifar ne: ko fistan ya yi tsatsa, ko ƙusoshin da take zamewa a kansu sun bushe babu giris. A tayar baya, wayar hambirki ma takan maƙale.

Idan tayoyi biyu ko duka huɗu ne, a koma kan masta. A sassauta notocin da suka ɗaure ta. In birki ya saki, sandar da ke tura ta ce ta yi tsawo har ta rufe kafar komawar man. In bai saki ba, a duba robobinta, domin man inji ko na sitiyari idan ya shiga tankin birki yana kumbura su.

Man birki kuma yana zuƙar danshi. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma da ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, ruwan kuma ya ci fistan da tsatsa. Don haka masu ƙera motoci da dama ke cewa a canja shi duk shekara 2.

Motar da birkinta ke kamewa ba ta hawa hanya sai an gyara, domin zafin da ya kame shi yana iya tafasa man, birkin ya daina aiki gaba ɗaya.