Kwalliyar Cikin Bonet: Wace Irin Iska Inji Ke Shaƙa Bayan An Yi Masa Ado?

Da can kwalliyar mota a waje take tsayawa: sabon fenti, gilashi mai duhu, salansa mai ƙara. Yanzu ta kutsa har cikin bonet. Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya saba ganin samari suna ɗaga bonet suna haska wa kyamara abin da ke ciki. An cire baƙin akwatin robar da kamfani ya ajiye matatar iska a ciki, wadda makanikai ke kira eyakilina, an maye gurbinsa da bututun alminiyom mai ɗaukar ido, a bakinsa kuma an ɗaura wata jar matata mai siffar mazurari. An kifa wa injin murfi mai zane, tiyo-tiyo sun koma ja ko shuɗi. Da zarar an taka totur sai motar ta yi gurnani, 'yan kallo su ɗauki tafi.

Mu da ke jami'a abin yana burge mu, kuma mun san ku ma ƙannenmu na sakandare haka ne. Ba yau aka fara ba. Fim ɗin The Fast and the Furious ya fito a 2001, wasan kwamfuta na Need for Speed: Underground kuma a 2003, su ne suka yayata wannan yayi a duniya tun kafin a haifi yawancinmu. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi a cikin bidiyo ba: bayan an gama adon, wace irin iska injin ke shaƙa? Amsar tana cikin littafin Fiziks ɗin da ke jakarku.

Mutane suna cewa mota tana shan mai, amma iskar da take sha ta ninka man nesa ba kusa ba. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska. Lita ɗaya ta fetur kuwa tana cin iskar da ta kai lita 9,000. Oksijin ɗin da ke cikin iskar, wanda shi ne kashi 21 cikin 100, shi injin ke nema. Idan oksijin ya ƙaru, za a iya ƙona ƙarin mai, ƙarfi ya ƙaru. Wannan shi ne tunanin da aka gina dukkan harkar a kansa, kuma daidai ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Ku tuna dokar Charles da ake koyarwa a aji: iska tana buɗewa idan ta ɗumama, don haka lita ɗaya ta iska mai zafi ba ta kai lita ɗaya ta mai sanyi yawan oksijin ba. Mu yi lissafi. A watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wato 313 a ma'aunin Kelvin. A ce iskar cikin bonet ta kai digiri 70, abin da ba shi da wuya a cunkoson ababen hawa, tunda ruwan lagireto kansa yana aiki ne a wajajen digiri 90. Wannan 343 ke nan. Ku raba 313 da 343, za ku samu 0.91. Ashe injin da ke shaƙar iskar cikin bonet ya yi asarar kusan kashi 9 cikin 100 na oksijin ɗinsa.

To, wancan mummunan baƙin akwatin da aka cire aka jefar, daga ina yake ɗebo iska? Ku bi bututunsa za ku ga ya nufi gaban mota ko gefen fitila, yana zuƙo iskar waje. Jar matatar da aka ɗaura a fili kusa da inji kuwa, ba tare da wani shamaki ba, iskar da lagireto ya gama gasawa take zuƙa. Ga shi kuma alminiyom yana ɗaukar zafi fiye da roba sau ɗaruruwa. Mai mota ya kashe kuɗinsa ya sayo wa injinsa iskar gidan burodi.

Me ya sa duk da haka direban ke rantsuwa cewa motar ta ƙara gudu? Kunne ne ke yaudararsa. A jikin bututun kamfani akwai wasu ƙananan kurtu na roba da ba su kai ko'ina, kamar an manta da su. Aikinsu kashe ƙarar iska, bisa ka'idar da masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayani a ƙarni na 19, irin wadda ke sa kwalba ta yi kuka idan aka hura bakinta. Idan aka cire su sai gurnani ya fito, kuma mai jin gurnani yakan ƙara taka totur ba tare da ya sani ba. Ban da haka, a tuƙin cikin gari maƙogwaron totur ɗan kaɗan yake buɗewa. Shi ne ke taƙaita iskar da ke shiga, matata ba ta tare komai ba.

Kada a ce mun yi wa abin rashin adalci. Kamfanoni irin su K&N, wanda aka kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1969, suna ƙera na ƙwarai, kuma a motar tsere ko mai turbo da aka sake wa lissafin kwamfutarta, buɗe hanyar iska yana ƙara ƙarfi idan inji na juyawa da sauri sosai. Amma Corolla ko Accord 'yar Kwatano da ke kai yara makaranta ta dawo ta wuce kasuwa, abin da za ta samu bai taka kara ya karya ba. Sannan da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da araha kwaikwayo ne, launin kawai suka ɗauko.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙura. Yawancin bidiyon da muke kallo an ɗauke su ne a Japan, Amurka ko Turai. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso mana ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ga kuma hanyoyin unguwanni da ba kwalta. Matatar da ke barin iska ta wuce cikin sauƙi, galibi ƙofofinta sun fi faɗi, ƙura mai laushi ma tana samun hanya. Idan ta shiga silinda ta gauraya da baƙin mai, sai ta zama kamar sanfefa, tana cin ringi da bangon silinda a hankali. Ba a gani a mako ɗaya. Sai bayan watanni mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, a ce sai an sauke inji. Sau da yawa kuma motar ta Baba ce ko ta Yaya.

Akwai kuma wata 'yar na'ura a jikin bututun da ke auna yawan iskar da ke wucewa. Siririyar waya ce da ake ɗumamawa da lantarki, iska na sanyaya ta, ƙwaƙwalwar mota kuma tana amfani da hakan ta san yawan man da nozul zai fesa. Idan ƙura ta lulluɓe wayar, ko man da ake shafa wa matatar auduga ya yi yawa ya kai gare ta, ko an canja faɗin bututun, lissafin ya rikice. Fitilar gargaɗin inji ta kama, mota ta fara shessheƙa.

Wani zai ce to a kai matatar can ƙasa bayan bamba, inda iska ke da sanyi. Haka masu abin na asali ke yi, kuma yana maganin zafi. Sai damina ta zo. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. A injin lita 1.8 mai silinda huɗu, idan fistin ya kai ƙololuwa, gurbin da ya rage bai wuce mililita 50 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na ledar fiyawata. Ruwan da ya ɗara haka idan ya shiga, fistin ba shi da wurin zuwa, sai sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye. Kududdufi ɗaya a watan Agusta ya isa. Ku lura da Land Cruiser da Hilux ɗin da ke ratsa hamada daga Agadas: da yawansu bututunsu sama yake hawa har kusa da rufi, nesa da ƙurar taya da ruwa.

Shi murfin ado bai kai wannan haɗari ba, kuma na kamfani ma yana da aiki, domin sau da yawa akwai soso a ƙarƙashinsa mai rage ƙarar nozul. Matsalarsa ɓoye laifi. Baƙin mai na iya yin wata guda yana tsatsafowa a ƙarƙashinsa ba wanda ya gani, ɓera ma yakan yi sheƙa a wurin ya ci waya. Shi ya sa masu wayo idan za su sayi mota suke cewa a cire murfin su ga ainihin injin. Abu biyu ne muke ganin bai kamata a taɓa su don kwalliya ba. Marfin lagireto ba marfi ba ne kawai, yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa har sai ya kai wajajen digiri 120, na ado marar inganci kuwa ba lallai ya riƙe ba. Sai fitilun ado da ake jonawa kai tsaye da batir ba fiyus, a wurin da fetur ke bi.

Ga wanda abin ya shiga ransa, akwai gwajin da za ku iya yi ba tare da kun kwance komai ba. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da rewaya ke jona na'urar bincike, kuma tana nuna zafin iskar da inji ke shaƙa. Ku nemi izini a garejin unguwa, ku rubuta lambar da mota mai akwatin kamfani ta nuna bayan ta yi minti goma a tsaye tana aiki, sannan ku rubuta ta mai jar matata. Idan makanikin ya yarda ya zare bututun, ku sa farin ƙyalle ku shafi cikinsa ta bayan matatar, ku duba launin da ya fito.