Yadda ake jera hotunan taro ba tare da an ɓata fuskar kowa ba

Da zarar an tashi daga taro a ma'aikata, aikin hadimi mai kula da yaɗa labarai yake farawa. Za a miƙa masa tarin hotuna, a ce ya zaɓi tara ya jera su a allo ɗaya kafin magariba. A nan ake yawan yin ɓarna: a matse hoto don ya shiga gurbi har fuskar babban sakatare ta yi tsawo, ko a datse hular babban baƙo. Idan kuma maigida ya ce a sauya hoto guda, sai a rushe aikin a sake sabon lale.

Maganin wannan matsala ya daɗe a cikin manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwan nan Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, ta kuma shiga kasuwa a 1990. A 1994 aka ƙara mata tsarin leya. Leya tamkar farantin gilashi ce da ake ɗora wani bisa wani, kowanne da abin da ke kansa, ana iya motsa ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba.

Aikin yana farawa ne da lissafi. A allo mai fiksel 1080 tsaye da kwance, wanda ya dace da Instagram da Facebook, idan aka bar tazarar fiksel 30 a gefuna da tsakanin hotuna, tazara huɗu za su cinye 120, saura 960. Aka raba uku, kowane gurbi ya sami 320. Sai a zana murabba'i mai wannan girma, a kwafe shi da Ctrl+J har ya cika tara, kowanne a leyarsa.

Daga nan a shigo da hoto, a ajiye leyarsa daidai saman ta murabba'in da ake so, a danna Ctrl+Alt+G. Nan take murabba'in ya zama taga: abin da ya faɗo cikinsa kaɗai ake gani, ragowar hoton yana nan a ɓoye, ba a goge komai ba. Da Ctrl+T ake ƙara girmansa ko a gusar da shi har fuska ta zauna daidai. A tsofaffin fitowar manhajar sai an riƙe Shift yayin jan kusurwa, in ba haka ba hoton ya miƙe. Wanda ofishinsu bai sayi Photoshop ba, Photopea da ake buɗewa kyauta a intanet tana yin wannan aiki.

Amfanin tsarin yana bayyana ne ranar da aka ce minista ya koma gurbin sama, darakta ya sauko. Musayar leya biyu ta wadatar. Shi ya sa ƙwararru ke adana ainihin aikin a fayil ɗin PSD, su fitar da JPEG don yaɗawa, mako mai zuwa su sake amfani da gurbin.

Sai dai akwai iyaka. Datse gefen hoto abu ne da kamfanonin dillancin labarai suka yarda da shi, amma sauya abin da ke ciki ba su lamunta. A watan Maris na 2024, AP da Reuters da AFP sun janye hoton Gimbiya Kate ta Birtaniya da 'ya'yanta bayan sun gano an taɓa shi, har ta fito ta nemi afuwa. Hadimin da ya goge wani daga hoton taro, ko ya cusa wanda bai halarta ba, mutuncin ofishinsa ya sa a caca. Jera hotuna gyara ne, ƙirƙirar abin da bai faru ba kuwa ƙarya ce.