Zinaren Birnin Gwari: Ina Kuɗinsa Ke Zuwa?

Da yawa daga cikinku sun taɓa jin ana cewa jihohin Neja Delta suna karɓar "kashi 13 cikin 100". Wasu na ɗauka gata ce da aka keɓe wa masu man fetur kaɗai. Ba haka abin yake ba. Dokar da ke ba Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom wannan kaso ita ce dai ta shafi zinaren da ake haƙa a dazuzzukan Birnin Gwari. Don haka ɗalibin da ke Magajin Gari yana da ruwa da tsaki a maganar.

Bari mu faro daga tushe. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk ma'adinai da man fetur da iskar gas da ke ƙasar Najeriya mallakin Gwamnatin Tarayya ne. Ko a gonar kakanka aka ga zinare, Abuja ce ke ba da lasisin haƙa, bisa Dokar Ma'adinai ta 2007. Wanda ya samu lasisi zai riƙa biyan gwamnati wani kaso na darajar abin da ya haƙo. Kuɗin sai ya shiga Asusun Tarayya, wato babbar tukunyar da kowa ke ci daga ciki.

Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, yana zama ya raba abin da ke cikin tukunyar. Amma kafin a raba kuɗin albarkatun ƙasa, sashe na 162 ya ce a ware aƙalla kashi 13 cikin 100 a mayar wa jihar da arzikin ya fito. Ku lura, kundin ya ce kowace irin albarkatun ƙasa, bai ce man fetur kawai ba.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce naira 100 ta shigo daga fetur. Naira 13 ta jihohin da aka haƙo shi ce. Sauran naira 87 sai a kasa ta uku: Gwamnatin Tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin 100, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Ta wannan hanya ce kuɗin man da aka haƙo a Kudu ke isowa Kaduna, har ya shiga albashin malaman makarantunku.

Wannan kashi 13 bai faɗo daga sama ba. An gano man fetur a Oloibiri a 1956. A ƙarƙashin tsarin mulkin 1963, rabin harajin ma'adinai ne ke komawa yankin da suka fito. Bayan yaƙin basasa aka yi ta zaftare kason, har ya koma kashi 1.5 a 1982, sannan kashi 3 a 1992. Mutanen Neja Delta, waɗanda malalar mai ta ɓata wa gonaki da koguna, sun daɗe suna kokawa kafin a kai shi 13. Ba mu kaɗai ke irin wannan rabo ba. A Amurka, wata doka ta 1920 ta sa jihohi suna karɓar kusan rabin harajin man da aka haƙa a filayen gwamnatin tarayya da ke cikinsu.

To, mu dawo gida. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ake haƙar zinare a ƙasar Birnin Gwari, kuma har yau matasa na shiga ramuka. Me ya sa ba a jin ɗuriyar kashi 13 ɗin zinaren?

Dalili na farko, ba a raba kuɗin da bai shiga asusu ba. Yawancin masu haƙar ba su da lasisi. Ana sayar da zinaren hannu da hannu, ya bi ta bayan fage ya fice daga ƙasar, ba awo, ba rasit, ba haraji. Kashi 13 na sifiri kuwa sifiri ne. Shekarun da 'yan bindiga suka riƙe dajin sun ƙara dagula lamarin, domin jami'in da ba zai iya shiga daji ba, ba zai iya ƙidaya abin da ke fita daga cikinsa ba.

Dalili na biyu, ko an biya harajin, asusun jiha ake tura kason, ba na ƙaramar hukuma ba. Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, kuma kundin bai fayyace nawa za a mayar wa garin da aka tona ba. Amma ramukan da aka bari a buɗe, da ruwan da ya gurɓace, da yaran da suka bar aji suka tafi wankin ƙasa, duk a Birnin Gwari suke zama.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga. Idan zaman lafiya ya ɗore, masu jari za su zo neman zinare. Dokar 2007 ta wajabta wa kamfanin da zai yi haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Makaranta, asibiti, ruwan sha, duk ana iya rubuta su a ciki, in dai mutanen gari sun san haƙƙinsu.

Nan ne aikinku yake. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rabon FAAC na kowane wata a intanet. Ku nemi malaminku na darasin gwamnati ko na tattalin arziki ku duba tare: nawa Birnin Gwari ta samu a watan jiya, kuma me aka yi da shi? Ku kai batun ƙungiyar muhawara ta makaranta. Ku tambayi kansilan mazaɓarku cikin ladabi. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.