Su wa ke kai mutane ƙololuwar Everest?

Dutsen Everest, da ke iyakar Nepal da ƙasar Sin, tsayinsa mita 8,849 ne. Galibin masu hawansa kamfanoni suke biya, kamfanonin kuma su ɗauki 'yan ƙabilar Sherpa su ja gaba. Su ke ɗaura igiyoyi, su gitta tsani a kan ramukan ƙanƙarar Khumbu, su goya tantuna da tukwanen iskar shaƙa.

Tafiyar kan ci kusan wata biyu, domin sai jiki ya saba da ƙarancin iska sannu a hankali. A Afrilun 2014, zaftarewar ƙanƙara ta hallaka jagorori 16 'yan Nepal. Duk wanda zai yabi mai hawa, ya tuna da wanda ya share masa hanya.